Jihar Kolorado ta Amurka: tsayinta, ruwanta da alamominta

Wani matashi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, na sami gurbin karatu a wata jami'a da ke Jihar Kolorado ta Amurka. Duk hoton jihar da na gani duwatsu ne da dusar ƙanƙara. Shin duk haka take? Ina son a yi mini bayanin yanayin ƙasarta, da ɗan tarihinta, da ma'anar tutarta da sauran alamominta."

Allah ya sa albarka a karatun, ƙanena. Ba duk haka take ba. Masu ɗaukar hoto tsakiyar jihar suke nufa, can duwatsun suke. Kusan kashi biyu cikin biyar na Kolorado, wato duk gefenta na gabas, fili ne fetal na alkama da masara da shanu, inda za ka yi tafiyar awa biyu a mota ba ka ga tudun kirki ba. Sai dai shi kansa filin a sama yake. Wuri mafi gangare a duk jihar, inda Kogin Arikaree yake fita zuwa Kansas, yana da tsayin mita 1,011 bisa matakin teku, kuma ita kaɗai ce jihar Amurka da babu inda ta yi ƙasa da mita 1,000. Matsakaicin tsayinta ya kai kusan mita 2,070. Ka auna wannan da namu: tsauni mafi tsawo a Nijar, can cikin duwatsun Bagzam na Abzin, mita 2,022 ne. Ke nan in da za a baje Kolorado a daidaita ta, da duk jihar ta ɗara ƙololuwar Nijar. Denver, babban birninta, ta fi Jos tsayi da kusan mita 400, alhali ita Denver ba a cikin duwatsu take ba, a gindinsu take zaune. In ka riƙe wannan batu na tsayi, da abin da yake yi wa iska da ruwa, sauran bayanin jihar zai zo maka da sauƙi.

Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 269,600, ita ce ta takwas a girma cikin jihohi 50, ta ɗan fi ƙasar Gana. Mutanenta kuwa miliyan 5.77 ne a ƙidayar 2020, ba su kai na Jihar Kano a ƙidayar 2006 ba. Ta zama jiha ranar 1 ga Agusta 1876, ta 38 a jeri, kuma da yake shekarar ta dace da cikar Amurka shekara 100 da ayyana 'yancin kai, sai aka yi mata laƙabi da jihar cikar ƙarni. Sunan daga Sifaniyanci yake, daga jan ruwan kogin da ke ɗauke da laka. Tana da gundumomi 64, da gwamna, da majalisa mai zaure biyu, dattawa 35 da wakilai 65. A majalisar tarayya tana da sanata biyu da wakilai takwas. Wannan ya isa a kan mulki.

A taswira za ka gan ta kamar an yanka da reza, kusurwa huɗu, kusan kilomita 610 daga gabas zuwa yamma, 450 daga kudu zuwa arewa. Babu kogi ko dutse ko ɗaya da ya zama iyakarta. 'Yan majalisa ne a Washinton suka ja layi a takarda a 1861, tsakanin digiri 37 da 41 arewa, safiyo suka bi da sarƙa da kamfas suna kafa alama, suna kuskure nan da can, kuskuren kuma ya zauna ya zama doka. Wyoming na arewa, Nebraska na arewa maso gabas, Kansas na gabas, Oklahoma da New Mexico na kudu, Utah na yamma. A kusurwar kudu maso yamma akwai wurin da jihohi huɗu suka haɗu a ɗigo ɗaya, ita da Utah da New Mexico da Arizona, babu irinsa a ƙasar. Masu yawon buɗe ido na zuwa su ɗora hannu biyu da ƙafa biyu kowanne a jiha daban. Ban ga abin kashe kuɗin mota a nan ba, amma kowa da abin da yake burge shi.

Cikin wannan akwatin ƙasa uku ce. Ta gabas na faɗa maka, fili ne mai hawa a hankali har ya kai kusan mita 1,600 a gindin duwatsu. Ruwan samansa kaɗan ne, manoma suna haɗawa da rijiyoyin burtsatse da ke jan ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda yake raguwa shekara da shekaru. Abin da zai ba ka mamaki, Kolorado ce kan gaba a Amurka wajen noman gero, ko da yake ba irin namu ba ne, wani gajere ne mai ƙananan ƙwaya da ake kira proso, kuma da yawansa abincin tsuntsaye ake yi da shi. Ana noma dawa ma a kudu maso gabas, yankin da fari da guguwar ƙura suka tashi ƙauyuka a shekarun 1930.

Ta tsakiya ita ce Duwatsun Roki. Ba jeri ɗaya ba ne, jeruka ne da yawa, Front Range da Sawatch da Sangre de Cristo da San Juan da sauransu, da manyan kwaruruka masu ciyawa a tsakaninsu. Ƙasa ce ta tattare ta ɗago kusan shekara miliyan 70 da suka wuce, aman wuta ya ƙara gina na kudu maso yamma, daga baya ƙanƙara mai tafiya ta sassaƙe su ta bar tafkuna da kwaruruka masu faɗin ciki. Mafi tsawo shi ne Dutsen Elbert, kusan mita 4,400, babu wanda ya kai shi a duk jerin Roki daga Kanada har New Mexico. Ya fi Dutsen Kamaru, ya kusa ninka Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Mutanen jihar suna da wata al'ada ta ƙirga ƙololuwar da ta haura ƙafa 14,000, wato mita 4,267. Wasu su ce 53 ne, wasu 58, saɓanin yana kan ko ƙaramin kan da ke manne da babba dutse ne mai zaman kansa. Akwai masu kashe shekaru suna hawansu ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Wanda ya fi suna shi ne Pikes Peak, kusa da Colorado Springs, mai sunan sojan nan Zebulon Pike da ya hango shi a 1806, ya yi yunƙurin hawa, dusar ƙanƙara ta mayar da shi. Yau mota da jirgin ƙasa suna kai mutum har kansa.

Ta yamma kuwa tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai da kwazazzabai na jan dutse, busasshiyar ƙasa mai iskar gas da gonakin 'ya'yan itace a bakin kogi. Babban garinta Grand Junction. Sai kuma wani kwari a kudu, San Luis, mai tsayin kusan mita 2,300, ruwan samansa bai cika kai milimita 200 a shekara ba, amma cike yake da gonakin dankalin Turawa na ban ruwa. A gefensa iska ta tara rairayi a gindin duwatsu har ya yi tsayin kusan mita 230, tulin rairayi mafi tsawo a Amurka ta Arewa, da tsaunuka masu farin kai a bayansa.

Mutane ba su bazu cikin waɗannan yankuna daidai ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 suna zaune a wani siririn layi a gindin duwatsu ta gabas, daga Fort Collins a arewa, ta Boulder da Denver da Aurora da Colorado Springs, zuwa Pueblo a kudu, tafiyar kusan kilomita 280. Manyan jami'o'in ma yawancinsu a nan suke: ta jiha a Fort Collins, wadda ta yi suna a noma da ilimin ruwa, da ta Boulder, da makarantar haƙar ma'adinai ta Golden, da Jami'ar Denver. Saboda haka mai yiwuwa a gindin dutse za ka zauna, kana kallonsa ta yamma. Mutanen wurin da shi suke gane gabas da yamma.

Yanzu abin da tsayi zai yi wa jikinka, don wannan ya fi kowace alama muhimmanci gare ka. A Denver, mita 1,609, wato mil ɗaya cif, matsin iska kusan kashi 83 ne cikin 100 na bakin teku. Kowane numfashi yana shigar da oksijin ƙasa da yadda ka saba. Kwanakin farko za ka yi haki a kan bene, barci ya yi wuya, ƙishirwa ta dame ka, daga baya jini ya ƙara jajayen ƙwayoyinsa ka daina ji. Shi ya sa 'yan tsere suke zuwa jihar atisaye, kamar yadda na Habasha da Kenya suke yi a tuddansu. Daga mita 2,500 zuwa sama ne ciwon tsauni yake fara kama baƙi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Maganinsa na farko sauka. Garin Leadville yana kusan mita 3,100, babbar hanyar mota ta I-70 tana ratsa cikin dutse ta ramin Eisenhower a mita 3,400, a kan Elbert kuwa iskar ba ta wuce kashi 60 cikin 100 ba. Kada abokai su ɗauke ka hawan dutse a makon farko.

Akwai wanda ya shafe mu fiye da Turawa, kuma ba kasafai ake gaya wa ɗalibanmu ba: sikila. Mai SS ya riga ya san halinsa. Amma mai AS, wanda yake zaune lafiya a gida bai taɓa jin komai ba, yana iya gamuwa da toshewar jini a saifa idan ya hau sama sosai, musamman in ya haɗa da aikin ƙarfi da ƙarancin shan ruwa. Ba kowa yake samu ba, yawanci ma ba sa samu, amma likitocin jihar sun san shi sarai. Wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark, mai AS ne, sai da aka cire masa saifa bayan wasan da ya buga a Denver a 2007. Ka san ko kai AA ne ko AS ko SS kafin ka tashi, ka gaya wa likitan makaranta, kuma in ka ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu bayan hawa, asibiti kai tsaye.

A kicin ma za ka gani. Ruwa yana tafasa a digiri 95 a Denver maimakon 100, wake da shinkafa da nama sai su daɗe ba su nuna ba. Rana tana da kaifi ko ana sanyi, don iskar da za ta tace ta ba ta da kauri. Bushewa kuwa ta hunturunmu ce, leɓe ya tsage, fata ta yi fari, wasu har haɓo. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi, shi ya sa za ka bar gari da 'yar shara a watan Yuli ka tarar da ƙanƙara a kan dutse, kuma daga kusan mita 3,500 itatuwa suke ƙarewa, sai gajeriyar ciyawa. Sanyin Denver ba irin na Chicago ba ne mai zama wata da watanni. Dusar ƙanƙara ta zuba yau, jibi rana ta narkar da ita, wani lokaci wata iska mai ɗumi da suke kira Chinook ta gangaro daga duwatsu ta ɗaga zafi cikin 'yan awoyi. A cikin kwaruruka ne sanyin yake da muni: a Maybell an taɓa auna digiri 52 ƙasa da sifili a 1985. Da bazara kuma hadari yakan taso kan tsaunuka bayan azahar da tsawa mai kisa, don haka ƙa'idar masu hawa ita ce a fita da asuba, a bar ƙololuwa kafin rana ta take.

Sai ruwa, wanda a ganina shi ne ainihin labarin jihar. Denver tana samun kusan milimita 370 a shekara, ruwan sama da narkakkiyar dusa a haɗe. Wannan kusan na Damagaram ne, bai kai rabin na Kano ba. To ta yaya birni mai ciyawa shar da miliyoyin mutane yake rayuwa a kan ruwan Damagaram? Duwatsu ne rumbunsu. Iska tana zuwa daga Tekun Pasifik da danshi, duwatsu su tilasta mata hawa, ta huce, ta zubar da dusa tun daga Oktoba har Afrilu. A wasu mashigai kamar Wolf Creek dusar da ke sauka a shekara takan kai mita 10. Tana nan kwance har Mayu da Yuni, sannan ta narke ta cika koguna daidai lokacin da gona take buƙata. Shi ya sa awon kaurin dusa na farkon Afrilu yake zama babban labari a jihar, daga shi ake sanin ko shekarar ta wadata ce ko ta rabon ruwa da cokali.

Ta ƙashin bayan duwatsun akwai layin da ya raba ruwan nahiyar biyu. Ɗigon da ya faɗi yamma da shi Pasifik ya nufa, na gabas kuma Atlantika ta mashigin tekun Meziko. Manyan koguna huɗu a nan suke tasowa: Kolorado, da Rio Grande wanda ya zama iyakar Texas da Meziko, da Arkansas, da Platte mai reshe biyu. Kusan babu babban kogin da ke shigo wa jihar da ruwa, ita ce mai bayarwa. Matsalar ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan yamma da layin yake, mutanen kuma suna gabas. Sai suka huda duwatsun. Ramin Adams mai kilomita 21 yana ɗebo ruwa daga mafarin Kogin Kolorado ya bi ta ƙarƙashin gandun dajin Rocky Mountain ya fito gabas tun 1947. Ramin Roberts mai kilomita 37 yana kai wa Denver daga tafkin Dillon. Mutanen yamma ba su taɓa yafe wannan ba, kuma rigimar gabas da yamma a kan ruwa ta girmi duk wanda ke raye a jihar.

Dokar ruwansu ma daban take da ta gabashin Amurka. Can, wanda gonarsa take bakin kogi shi ke da haƙƙin ruwa. A Kolorado wanda ya riga fara amfani da ruwan shi ke gaba, ko gonarsa tana nesa. Masu haƙar zinariya ne suka fara wannan tsari, tsarin mulkin jihar na 1876 ya karɓe shi, kotun ƙolinta ta tabbatar da shi a 1882. Kowane haƙƙin ruwa yana da shekararsa. In kogi ya ja baya, mai tsohuwar shekara ya kai kuka, jami'in ruwa ya bi yana rufe ƙofofin magudanan masu sabuwar shekara, ko da suna sama da shi a kogin, ko da birni ne. Lamba ta ɗaya tana hannun wata magudana ta garin San Luis da manoma masu jin Sifaniyanci suka haƙa a 1852. Akwai kotuna bakwai da ba su da aiki sai shari'ar ruwa. Abin ya kai har tara ruwan indararo a ganga sai a 2016 aka halatta wa yawancin gidaje, shi ma ganga biyu, kusan lita 416, don a idon doka ruwan da ya sauka a rufinka yana da mai shi a ƙasan kogi.

Tsarin yana da kyau ɗaya: kowa ya san matsayinsa kafin fari ya zo. Wanda ya san yadda fadamun Haɗeja da Nguru suka koma bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 zai gane darajar a ce na ƙasan kogi yana da takardar da za ta sa a buɗe masa ruwa. Amma ba na kiransa adalci. Ana sayar da haƙƙin ruwa daban da gona, birane masu kuɗi suka yi ta saye, gundumar Crowley a kudu maso gabas ta sayar da nata a shekarun 1970 da 1980, gonakinta suka koma ƙura da ciyayi. Kuma waɗanda suka riga kowa zuwa da gaske, ƙabilar Ute, sai a 1988 aka yi dokar sasanta haƙƙinsu.

A wajen jihar ma ana jiran wannan dusa. Kogin Kolorado, mai tsawon kusan kilomita 2,330, yana shayar da mutum kusan miliyan 40. A 1922 jihohi bakwai suka raba shi a takarda: huɗu na sama, Kolorado da Wyoming da Utah da New Mexico, uku na ƙasa, Kalifoniya da Arizona da Nevada, kowane ɓangare kusan kubik mita biliyan 9.25 a shekara. A 1944 aka yanka wa Meziko nata. Lissafin an yi shi ne da awon shekaru masu ruwa fiye da kima, saboda haka an raba abin da kogin ba ya da shi. Fari da ɗumamar yanayi tun 2000 suka ƙara tona asirin, a 2022 manyan tafkunan madatsun kogin, Mead da Powell, suka sauka zuwa kusan rubu'in cikinsu. Yawancin shekaru kogin ba ya isa teku.

Tarihin ma daga nan yake. A Mesa Verde, kudu maso yamma, kakannin ƙabilun Pueblo, 'yan asalin yankin, sun yi ƙarnuka suna noman masara, suka gina gidajen dutse a cikin kogunan gaɓar kwazazzabo, mafi girmansu yana da ɗaki kusan 150. Kafin 1300 sun tashi sun yi kudu, a zamanin wani dogon fari. Duwatsu na Ute ne, fili na ƙabilun Cheyenne da Arapaho. Amurka ta sayi gabashin yankin daga Faransa a 1803, ta karɓe sauran bayan yaƙinta da Meziko a 1848. A 1858 aka ga zinariya kusa da inda Denver take, shekara ta gaba dubban mutane suka kwararo. Abin da ya biyo baya kada wani ya ɓoye maka: ranar 29 ga Nuwamba 1864 sojoji ƙarƙashin Kanar John Chivington suka auka wa zangon Cheyenne da Arapaho a Sand Creek, zangon da ya ɗaga tutar Amurka da farar tuta, suka kashe kimanin mutum 230, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Gwamnan lokacin, John Evans, ya rasa kujerarsa a kan haka, amma wani babban dutse ya ci gaba da amsa sunansa har 2023, da aka mayar da shi Blue Sky. A 1881 aka kori yawancin Ute zuwa Utah, saura yankuna biyu da suka rage musu a kudu maso yamma. Bayan zinariya sai azurfa a Leadville, wadda kasuwarta ta rushe a 1893, shekarar da mazan jihar suka kaɗa ƙuri'ar bai wa mata damar zaɓe.

Alamomin jihar daga wannan ƙasa da wannan tarihi suka fito. Tutar ta 1911 ce: shuɗi sama da ƙasa, fari a tsakiya, da jan harafin C mai rungume da ƙwallo ruwan zinariya. Fassarar da aka saba bayarwa ita ce shuɗin sararin sama ne, farin dusar tsaunuka, jan ƙasar jihar, ruwan zinariyar kuma rana. Suna ƙaunarta ƙwarai, za ka gan ta a hula da riga da allunan hanya. Hatimin, na 1877, yana da ido cikin alwatika a sama, da damin sanduna da gatari irin na Rumawan da, sai garkuwa mai tsaunuka uku da diga da gudumar mahaƙa. Taken da ke ƙasa na Latin ne, Nil sine numine, wato babu abin da ke yiwuwa sai da ikon Ubangiji. Ginin majalisa a Denver an lulluɓe ƙubbarsa da zinariya a 1908, kuma a matakalarsa ta yamma akwai alamar mil ɗaya har sau uku, a mataki na 15 da na 18 da na 13, don kowane sabon awo ya gyara na baya.

Furen jihar columbine ne, fari da shuɗi mai ratsin shunayya, tun 1899. Mutane suka yi ta tsinka har aka yi doka a 1925 mai hana tumɓuke shi a filin gwamnati da tsinkar fiye da 25 a rana. Itacen shi ne blue spruce mai ganye kamar allura, 1939. Dabbar ragon dutse ne mai murɗaɗɗen ƙaho, 1961, wanda ƙahon babban namijinsa kan kai kilo 14. Fili bai samu da yawa ba, sai tsuntsun lark bunting, 1931, baƙi mai farin tabo a fiffike, da wata gajeriyar ciyawa mai jure fari. Akwai Stegosaurus, dabbar zamanin da mai faranti jere a gadon baya, wadda aka haƙo ƙasusuwanta kusa da Morrison a 1877, yaran firamare suka matsa har ta zama alama a 1982. Farin dutsen Yule, wanda aka gina wurin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln a Washinton da shi, shi ne dutsen jiha. Kifin jihar, greenback cutthroat, yana da labari mai ban dariya da takaici: an ɗauka ya ƙare, aka ce an gano shi, aka yi shekaru ana kiwo ana zubawa a rafuka, sai binciken ƙwayoyin halitta na 2012 ya nuna wani ɗan'uwansa ake ta kiwo, na ainihin a lokacin yana rafi ɗaya tak kusa da Colorado Springs.

Wadda na fi so ita ce wasan gargajiyarsu na bazara, da majalisa ta amince da shi a 2012: tseren jakuna. Ba hawa ake yi ba, hawa ma haramun ne a wasan. Mutum yana gudu riƙe da igiya, jaki na ɗauke da kayan mahaƙa na kilo 15, diga da shebur da kwanon wanke zinariya, su haura mashigin Mosquito mai kusan mita 4,000 su dawo, tafiyar fiye da kilomita 45. Tun 1949 ake yi a garin Fairplay. Wanda ya san jaki ya san ba mai saurin gudu ne yake cin wannan tsere ba, sai wanda jakinsa ya yarda.

Ba za ka rasa 'yan'uwa ba. Aurora cike take da Habashawa da sauran 'yan Afirka, Somaliyawa da yawa suna aiki a manyan mayankan Greeley da Fort Morgan, kuma a 2023 Colorado Springs ta zaɓi haifaffen Nijeriya, Yemi Mobolade, magajin gari. Akwai masallatai a manyan garuruwan, babban cikinsu Masjid Abu Bakr a yankin Denver. Alƙibla arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, kada ka fuskanci gabas bisa sabo. Yini yana kai awa 15 a Yuni, ya sauka zuwa tara da 'yan mintuna a Disamba, lokutan salla suna motsi sosai. Nijeriya da Nijar suna gabansu da awa takwas a hunturu, bakwai daga Maris zuwa farkon Nuwamba.

Abu ɗaya kuma. Tun ƙuri'ar 2012 jihar ta halatta tabar wiwi ga manya, shagunanta a buɗe suke tun 2014, za ka gan su a bakin titi da lasisinsu. Dokar tarayya ba ta halatta ta ba, kuma bizarka a hannun tarayya take. Ɗan ƙasa ya saya ya wuce, amma baƙo mai bizar karatu, saye ko sha ko aiki a shagon, kai ko amsa wa jami'in shige da fice cewa ka taɓa, yana iya jawo a soke bizar ko a hana ka komawa bayan hutu.